Eka Dubu Huɗu a Bakin Kogin Nueces

Ran Talata suka kafa allon a bakin titi,
fari fat, da jan rubutu: NA SAYARWA.
Ni na riƙe musu sandar suna zuba siminti,
ni Eusebio Treviño, mai shekara arba'in da ɗaya a nan,
don ba wanda ya san inda ƙasar ke da laushi sai ni.

Takardar dillaliya ta ce:
eka dubu huɗu a kudancin Texas,
rijiya shida, madatsar ruwa uku,
ciyawar da za ta ɗauki shanu ɗari uku ba ta yi nishi ba,
barewa, talotalon daji, aladen dawa,
aljannar maharba.
Ba ta yi ƙarya ba.
Ta dai yi irin ta mai talla, ta jera manyan a sama.

Ba ta ce rijiya ta biyar gishiri ne da ita ba,
ko cewa famfon iska na yamma yana kuka da dare
kamar tsohuwar da aka manta a tasha.
Ba ta san shekarar da sama ta yi mana rowa ba,
wata goma sha tara,
ni da tsoho Alois Janecek muna babbake ƙayar murtsunguwa
shanu na bin hayaƙin da gudu, haƙarƙari a waje.
Tamanin muka ja zuwa rami.
Ya ƙirga su da baki, bai bari na ga idonsa ba.

Da ya rasu 'ya'yansa suka zo daga Houston,
takalma tsaf, waya a kunne.
Ƙarfen lalas ɗin gidan, babbar ta ɗauka,
wai zai yi kyau a bangon falo.

Jiya mai saye ya zo, likitan haƙori daga Dallas,
da ɗansa ɗan shekara tara.
Bai tambayi ruwa ba, bai duƙa ya murza ƙasa ba.
"Wanda ya fi girma a nan, ƙahonsa rassa nawa?"
Na ce, "Takwas, in an yi sa'a."

Akwai mai goma sha biyu.
Kunne ɗaya a tsage, yana ɗingisa ƙafar baya,
yana kwana a sarƙaƙiyar bayan madatsa ta uku.
Damina bakwai muna gaisawa da ido.
Da muka iso mararrabar, sai na karya kan mota hagu.

Yaron ne ya hango gicciyen,
ƙarami, a gindin itacen da tsawa ta raba biyu.
"Wane ne a nan?"
Na ce, "Inés. Kwana tara ta yi a duniya."
Dillaliya ta juya takarda gaba da baya,
ta ce, "Wannan ba ya cikin taswira."
Yaron ya cire hularsa. Ba wanda ya sa shi.

A ƙasan tallar akwai layi ɗaya, ƙananan baƙaƙe,
jikata ce ta karanta mini:
akwai tsohon ma'aikaci da ya san wurin, in ana so.
Bayan tarakta aka sa ni, kafin tankin mai.

To, in mai wuri ya zo, mai tabarma sai naɗewa.
Sai dai tawa ta yi saiwa,
ban san ta wane gefe zan fara ba.

Yamma ta yi.
Na yi fito, jajayen shanun suka ɗago kai ɗaya bayan ɗaya.
Ƙyauren kudu yana ƙara tun makon jiya.
Bari in ɗauko mai in ɗiga masa.
Ko wa zai buɗe shi baɗi,
kada ya ce an bar shi ba kula.